Muhawara: A cire adabi daga darasin Turanci a jami'o'in Musulunci, ko a bar shi?

Malama Rabi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu koyar da Turanci, musamman na jami'o'in Musulunci, amma duk mai abin faɗa bismillah. Ana shirin yi wa manhajar Turanci ta 'yan aji ɗaya da aji biyu garambawul a sashenmu, kuma kan malamai ya rabu. Wasu sun ce a fitar da adabi daga darasin koyon harshe kwata-kwata, a tsaya kan nahawu, rubutun wasiƙa da rahoto, da karanta muƙala. Hujjarsu ita ce tun da aka dawo daga kullen korona yaran nan ba sa karanta littafi. Ka ba su ƙagaggen labari, su nemo taƙaitawarsa a waya, su haddace sunayen taurarin, su shiga jarrabawa. Wasu kuma, har da ni, muna ganin in aka cire shi an rufe wuri ɗaya tilo da ɗalibi ke daɗewa yana cuɗanya da Turanci. Akwai kuma 'yan tsiraru da ba ruwansu da batun korona, su dama tun asali ba su yarda a karanta labaran Turawa a jami'ar da ke ɗauke da sunan Musulunci ba. Yaya kuke yi a naku wuraren?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam Malama. Ni dai ina tare da masu cewa a cire, kuma ba ƙin adabi nake yi ba. Ɗalibin Shari'a ko na Usuluddini me zai yi da Turanci in ya gama? Zai karanta muƙala, ya cike takardar neman gurbin ƙaro karatu, ya amsa imel, wataƙila ya yi wa waɗanda ba sa jin Larabci bayanin addini. Sa'o'i biyu ko uku kacal muke da su a mako. Yaron da har yanzu bai iya daidaita aikatau da mai aikatawa ba, ka ɗora masa Shakespeare, wanda shi kansa Bature ɗan ƙasa sai da sharhi a ƙasan shafi yake gane shi? Wannan ai zalunci ne.

Abu Ammar:
Ni matsalata ta wuce ta lokaci. Me ke cikin littattafan? Giya, soyayyar da ba aure, shakku a kan Ubangiji, wani lokaci ma har da izgili ga addini. Iyaye sun zaɓi jami'ar Musulunci ne don su tsare 'ya'yansu daga irin wannan, sai kuma mu shigo musu da shi ta ƙofar baya da sunan koyon harshe. Harshe kayan aiki ne. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu yana rubuta amsa. Bukata ce ta sa, kuma a kan bukatar aka tsaya. Ba a ce ya je ya haddace tatsuniyoyinsu ba.

Dakta Bashir:
Ustaz Abu Ammar, tsoronka yana da tushe, kuma zan ma ƙara maka hujja kafin in saɓa maka. A shekarar 1835 wani ɗan siyasar Ingila mai suna Macaulay ya rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya takardarsa kan ilimi, inda ya ce kanta ɗaya ta littattafan Turai ta fi duk abin da Indiya da ƙasar Larabawa suka rubuta daraja. Manufarsa a fili take: a samar da mutanen da jininsu na Indiya ne amma tunaninsu da ɗabi'arsu na Ingila. Adabin Ingilishi yana cikin manyan kayan aikin da aka yi wannan da su. Ko a Afirka, a 1968 marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu a jami'ar Nairobi sun rubuta takarda suna neman a rushe sashen Ingilishi, a kafa wanda zai sa adabin Afirka a tsakiya. To ka ga ba kai kaɗai ka taɓa zargin wannan darasi ba.

Amma bari in tambaye ka, Allah ya gafarta Malam: da me aka koya maka Larabci? Na tabbata ba da littafin nahawu na Ajrumiyya kaɗai ba. Ka karanta Mu'allaƙat, shahararrun ƙasidun jahiliyya. Ka karanta Imru'ul Ƙaisi, wanda bai san Musulunci ba, kuma kai ka fi ni sanin abin da ke cikin ƙasidarsa game da mata. Ka karanta Maƙamat ɗin Hariri guda 50, waɗanda tauraronsu, Abu Zaid, mayaudari ne mai cin abinci da fasahar baki. Malamanmu na tafsiri da nahawu ba su jefar da waɗannan ba, da su suke kafa hujja kan ma'anar kalma. Daga Ibn Abbas aka ruwaito cewa waƙa ita ce diwanin Larabawa, in kalma ta shige maka duhu a Alƙur'ani ka neme ta a can. Ka'abu ɗan Zuhairu ma da ya zo neman afuwa gaban Manzon Allah (SAW), da begen Su'adu ya buɗe ƙasidarsa.

Abin da nake nufi, koyar da harshe ta hanyar adabi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun daɗe muna yi kafin a kafa sashen Ingilishi ko ɗaya a duniya. Kuma mun yi shi da matanin da ba duk abin da ke ciki muka yarda da shi ba, sai dai a gaban malami ake karantawa, shi ke nuna abin ɗauka da abin bari.

Abu Ammar:
Dakta, akwai bambanci. Waƙar jahiliyya an karanta ta ne don hidimar Alƙur'ani. Labarin Bature hidimar me yake yi? Sannan wanda ke karanta Imru'ul Ƙaisi ya riga ya yi nisa a karatu, ya san fari ya san baƙi. Ɗan aji ɗaya da ya fito sakandare jiya fa?

Dakta Bashir:
Maganarka ta biyu na karɓa, shi ya sa zaɓen littafi aikin malami ne mai nauyi. Ta farko kuwa, ɗalibin da zai tsaya ya kare addininsa da Turanci dole ya san yadda masu harshen ke gina magana, yadda suke habaici, yadda suke ɓoye ra'ayi a cikin siffa ɗaya. Littafin nahawu ba ya koyar da wannan.

Zainab (ɗaliba, aji uku):
Malamaina ku yi haƙuri in sa baki, tunda a kanmu ake magana. Gaskiya ne ba ma karantawa, amma ba duka ne lalaci ba. Lokacin kulle ina sakandare. Watanni muka yi babu aji, abin da ake turo mana a WhatsApp shi ne hoton shafi da tambayoyi biyar a ƙasa. Sai mutum ya koyi duba tambaya tukuna, ya nemo layin da amsar take, ya kwafa. Haka muka saba. Da na shigo jami'a aka ba mu littafi mai shafi kusan ɗari uku aka ce nan da mako uku. Wallahi na buɗe shi da niyya, amma kafin in kai ƙarshen shafi na biyu na manta wa ake magana a kansa. Kowane layi akwai kalmar da ban sani ba. In na tsaya duba ƙamus a waya, saƙo ya shigo, shi ke nan an tafi. Ranar jarrabawa taƙaitawa na karanta, kuma na ci.

Malama Rabi:
Zainab, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da nake gani kullum. Bari in ba ku misali ɗaya. Na sa wani ɗalibi ya karanta sakin layi a bayyane, ya karanta tsaf, lafazinsa ma ya fi na wasu malamai. Sai na ce masa, wannan "ita" da ke layi na huɗu, wace ce? Mata biyu ne a labarin, uwa da 'yarta. Ya yi shiru, ya koma sama, ya dawo, ya ce uwar. 'Yar ce. Kalmomin duk ya san su ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kuɓuce masa shi ne riƙe zaren magana daga jimla zuwa jimla. Kuma ba shi kaɗai ba ne, da na tambayi ajin kusan rabi uwar suka ce.

Wannan shi ne abin da nake ganin korona ta ɓata, juriyar bin dogon zance. UNESCO ta ce a watan Afrilun 2020 rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe sama da 190. Waɗanda suke sakandare da ƙarshen firamare a lokacin su ne ke cika azuzuwanmu yanzu. Malam Habibu, in yaro ya kasa gane wa "ita" ke nufi a labarin uwa da 'ya, ta yaya zai bi muƙalar fiƙihu da Turanci, wadda jimla ɗaya ke cin layi biyar?

Malam Habibu:
To ai kin kawo hujjata ne Malama. Wakilin suna darasin nahawu ne. A koya masa.

Malama Rabi:
An koya masa tun firamare. Ka ba shi jimla ɗaya ka ce ya ja layi a ƙarƙashin wakilin suna, zai ci goma bisa goma. Sanin doka daban, aiki da ita a shafi na ashirin daban.

Ummu Salma:
Ina ganin kuskuren da ake yi shi ne haɗa abubuwa biyu wuri guda: karantar adabi a matsayin fanni, da amfani da labari don koyon harshe. Na farko na masu digiri a Ingilishi ne, su je su yi ta fama da Shakespeare da Milton. Na biyu na kowa ne, kuma yana da ƙa'ida. Paul Nation, masanin koyar da kalmomi na ƙasar New Zealand, ya nuna cewa kafin mutum ya karanta abu shi kaɗai ya fahimta ba tare da taimako ba, sai ya san kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin da ke ciki. Wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin. A shafi mai kalma 300, shida ke nan. Ya kuma ƙiyasta cewa ƙagaggen labarin da aka rubuta don 'yan ƙasa yana bukatar sanin tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ku dubi 'yan aji ɗayanku da gaskiya, nawa ne suka kai rabin haka?

Saboda haka abin da ya sami Zainab ba laifin adabi ba ne, an ba ta littafin da ya fi ƙarfinta. Akwai littattafan da aka sauƙaƙa mataki-mataki, Oxford da Cambridge da Penguin duk suna buga su, wasu da kalmomi 'yan ɗaruruwa kawai aka rubuta su. Malamai na raina su, wai na yara ne. Amma ɗalibin da ya gama ƙananan littattafai goma a zango ɗaya ya fi wanda ya riƙe babba ɗaya bai wuce babin farko ba.

Akwai wani bincike da Elley da Mangubhai suka buga a 1983 kan makarantun karkara a tsibirin Fiji. An zuba wa azuzuwa littattafan labarai kimanin 250 kowanne, bayan wata takwas aka tarar yaran sun ci gaba a fahimtar karatu da sauraro ninki biyu na yadda aka saba.

Malam Habibu:
'Yan firamare ne waɗannan, Hajiya. Ɗan shekara goma da ɗan shekara ashirin ba ɗaya ba ne. Kuma su ba su da waya a aljihu.

Ummu Salma:
Haka ne, ban ce a ɗauko shi a dasa yadda yake ba. Amma dalilin bai canza ba: harshe na shiga ne ta yawan cin karo da shi a inda ake fahimtarsa. Kalmar da ka gamu da ita sau goma a cikin labari ta fi zama a kai fiye da wadda ka haddace a jeri. Batun waya kuwa, shi ne ma ya sa nake ganin karatun ya dawo cikin aji. In ka ce su je gida su karanta, ka san ba za a yi ba.

Sadiƙ:
Ku yi ta yi dai. ChatGPT ya fito tun Nuwamban 2022, yanzu ko taƙaitawar ma ba a nema, ce masa kawai ake yi ya rubuto sharhin jigo da salo a shafi biyu. Malaman adabi, me kuke makawa in an kawo muku?

Dakta Bashir:
Sadiƙ ya taɓo inda ke ciwo. Aikin gida na "yi sharhi a kan jigon wannan labari" ya mutu, sai dai mu ƙi yarda. Na daina ba da shi. Abin da nake yi yanzu ba sabon abu ba ne, daga halƙar malamai na ɗauko shi, inda ɗalibi ke karanta wa malami matani, malami na tsayar da shi yana gyara yana tambaya. Gajeren labari nake zaɓa, wanda bai wuce shafi shida ko bakwai ba, in buga shi a takarda. Waya a jaka. Minti goma sha biyar na farko kowa ya karanta a zuci, ajin ya yi tsit. A makon farko za ka ga ana ta mutsu-mutsu, ana kallon agogo, wani ya yi hamma, wani ya nemi izinin fita. Zuwa tsakiyar zango sai ka ce lokaci ya yi a ce maka Dakta ɗan ƙara minti biyu.

Bayan nan sai karatu a bayyane, kowa sakin layi ɗaya. Ina tsayarwa in ce: me ya sa marubucin ya ce "da ta sani" bai ce "ta sani" ba? Me ya canza? Nahawun da Malam Habibu ke so ga shi nan ya fito, amma a jikin mutum mai rai da ɗalibi ya damu da abin da zai same shi. A ƙarshe kowa ya rubuta layi biyar da hannunsa kafin ya fita: me kake ganin za ta yi gobe, kuma wace jimla ce ta sa ka ce haka? Na'ura ba ta cikin ajin, balle ta amsa masa.

Abu Ammar:
Tsarin ya yi kyau Dakta, ban musa ba. Amma har yanzu ba a amsa min ba: wane labari? In dole ne a yi, to a taƙaita kan marubuta Musulmi.

Ummu Salma:
Ustaz, da ma abin ya zo da sauƙi haka. Suna ba ya wanke littafi. Tayeb Salih ɗan Sudan ne Musulmi, amma shahararren littafinsa na 1966, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1969, akwai wuraren da ba zan iya tsayawa gaban aji mai maza da mata in karanta ba. Sannan akwai gajerun labaran Turawa da Rashawa da aka fassara, kan talauci, rowa, haƙƙin iyaye, mutuwa, waɗanda babu abin kunya ko ɗaya a ciki. Littafi ake dubawa, shafi-shafi, malami ya karanta shi tukuna da idon wanda zai amsa tambaya gaban Allah da gaban iyayen yara.

Duk da haka ina tare da kai a rabi. Ɗalibi na bukatar ya ga irinsa a cikin Turanci. Leila Aboulela, 'yar Sudan da ta zauna a Aberdeen ta Scotland, ita ta fara cin kyautar Caine ta marubutan Afirka a shekarar 2000 da gajeren labarinta The Museum, kuma matan da take rubutawa masu salla ne, addininsu ba ado ba ne a labarin. Abdulrazak Gurnah, haifaffen Zanzibar, ya ci kyautar Nobel a 2021, duniyar Musulmin gaɓar gabashin Afirka yake rubutawa, ko da yake shi ma sai an zaɓa, kuma Turancinsa ya fi ƙarfin ɗan aji ɗaya. Ranar da na fara ba ɗalibai labarin da tauraruwar ta tashi ta yi alwala, wata ta ce min ita ba ta taɓa sanin ana rubuta irin wannan da Turanci ba.

Dakta Bashir:
In ƙara a kan na Hajiya: littafin labarin Hayyu bin Yaƙzan na Ibn Ɗufail, malamin Andalus da ya rasu a 1185, Simon Ockley ya fassara shi daga Larabci zuwa Turanci tun 1708, shekara goma sha ɗaya kafin labarin Robinson Crusoe na marubucin Ingila Defoe ya fito. Masana na jayayya kan ko Defoe ya karanta shi, amma ɗalibin da ya san Larabci ka ajiye masa shafi ɗaya na asali da shafi ɗaya na fassarar zamani, ka ga yadda ido ke buɗewa. A nan ɗalibanmu sun fi na sauran jami'o'i gata, harshe biyu ko uku suke shigowa da su, mu ne ba ma amfani da wannan.

Kuma manyan jami'o'in Musulunci ba su guje wa abin ba. Azhar na da Kwalejin Harsuna da Fassara. Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Malesiya, wadda aka kafa a 1983, da Turanci da Larabci take koyarwa, kuma sashenta na harshe da adabin Ingilishi yana ƙarƙashin kwaleji ɗaya da ilimin wahayi. A Indonesiya, cibiyoyin addini na gwamnati sun fara komawa cikakkun jami'o'i daga 2002, da ta Jakarta aka fara, kuma ana karantar adabin Ingilishi a cikinsu.

Abu Ammar:
Yin Azhar ba hujja ba ne a shari'a, Dakta, ka sani. Amma na ji batun duba littafi shafi-shafi. Sharaɗina biyu: kada malami ɗaya ya zaɓa shi kaɗai, a sa wani daga sashen addini ya gani. Na biyu, ban yarda da wasan kwaikwayon da za a tashi namiji da mace su fito a matsayin miji da mata a gaban aji ba.

Malama Rabi:
Na biyu ba matsala, karatun murya daga kan kujera ya wadatar, ko maza su yi nasu rukuni mata su yi nasu. Na farko ne nake jin tsoro. Kwamitin tantancewa in ya samu wuri, sai ka ga an hana labari don an ambaci coci a ciki, ko don mugun cikin labarin ya faɗi mugun abu. To mugu dama me zai faɗa? Alƙur'ani ma ya kawo maganar Fir'auna da ta Iblis. In za a yi, a sa wanda ya iya Turancin kuma ya karanta labarin har ƙarshe, ba wanda zai buɗe tsakiya ya ga kalma ɗaya ya rufe ba.

Abu Ammar:
Wannan adalci ne. Na yarda da wanda ya karanta har ƙarshe.

Zainab (ɗaliba, aji uku):
Wani abu da ya taimake ni, ko zai yi amfani. Wata malamarmu ta ce kowa ya riƙa turo mata saƙon murya na minti biyu a mako, yana karanta inda ya fi so a labarin, sannan ya faɗi dalili da Turancinsa, ko da a karye ne. Ni da ba na iya buɗe baki a aji, sai in shiga ɗaki in yi ta maimaitawa ina gogewa har ya yi daidai. Kafin in tura na karanta wurin ya fi a ƙirga. Ta ce a lokacin kulle ta fara haka don data ba ta isar ɗalibai su shiga Zoom, da aka dawo kuma ba ta bari ba.

Ummu Salma:
Madalla da wannan malama. Cikin abubuwan da kulle ya bar mana, saƙon murya ne na ga ya cancanci a riƙe. Darasin adabi a Zoom kuwa Allah kada ya maimaita mana. Ka yi tambaya, allo baƙi ƙirin, sunaye kawai, ba ka san ko mutum na nan ko ya ajiye wayar ya tafi ba.

Sadiƙ:
Tunda korona ce ta jawo zancen, me zai hana a karanta labarin annobar kanta? Kowa ya ɗanɗana, kowa na da abin faɗa.

Dakta Bashir:
Na gwada, kuma ya karɓu, amma da dabara. Defoe yana da littafi na 1722 kan annobar da ta afka wa Landan a 1665, lokacin shi yana ɗan shekara biyar ko makamancin haka. A ciki akwai rufe gidaje da masu gadi a ƙofa, masu kuɗi na tserewa ƙauye, masu sayar da maganin ƙarya, da jerin adadin mamata na mako-mako. Ɗalibai na karantawa suna dariya suna cewa ai wannan 2020 ce. Sai dai Turancinsa tsoho ne, jimlolin dogaye, don haka shafi ɗaya ko biyu kawai nake ɗauka. Sai in kawo musu labarin Sayyidina Umar da ya juya daga Sargu bai shiga Sham ba saboda annoba, bayan Abdurrahman ɗan Aufu ya faɗa masa hadisin cewa in kun ji ta a wata ƙasa kada ku shiga, in ta same ku a ciki kada ku fita. In ambata musu cewa Ibn Hajar, wanda ya rasa 'ya'yansa mata a annoba, ya rubuta littafi guda a kanta. Sannan in ce kowa ya rubuta da Turanci abin da ya gani da idonsa a kwanakin kulle, shafi ɗaya, a cikin aji. Rubutun da na samu a ranar ya fi duk na zangon kyau, duk da kurakuran nahawu. Wata ta rubuta yadda aka yi jana'izar kakanta da mutane ƙalilan, ta tsaya tana tambayata kalmar da za ta sa wa likkafani. Wannan kalma ba za ta taɓa manta ta ba.

A yi hattara dai, akwai wanda ya rasa uwa ko uba a lokacin. Ina ba da zaɓi, wanda ba ya so ya rubuta wani abu daban.

Malam Habibu:
Dakta, ɗalibai nawa ne a ajinka?

Dakta Bashir:
Ba su kai hamsin ba.

Malam Habibu:
To ka gani. Kai 'yan sashen Ingilishi kake koyarwa. Ni darasin Turanci na bai-ɗaya nake yi, ɗakin taro ake cikawa, na baya ma sai da lasifika suke jina. Wa zai karanta sakin layi, wa zai saurara? Wa zai buga takardun? Saƙon murya na minti biyu daga mutum ɗari huɗu ya haura sa'a goma sha uku a mako, ban ci abinci ba ban yi barci ba. Duk abin da kuka faɗa na yarda yana aiki a ƙaramin aji. A nawa, tambayoyin zaɓi-ɗaya ne kawai ke yiwuwa, su kuma nahawu suka fi dacewa da shi.

Malama Rabi:
Wannan gaskiya ce Malam, kuma babu dabarar da za ta maye gurbin ƙarin malamai. Amma karatun zuci na minti goma sha biyar bai damu da yawan mutane ba, mutum dubu ma za su iya yin shiru tare. Labarin shafi biyu gaba da baya takarda ɗaya ce. Layi biyar ɗin nan kuma ba sai ka maka duka ba, ka ɗebi talatin kowane mako ba tare da sun san na wa za ka ɗauka ba. Saƙon murya a raba su rukuni-rukuni, 'yan aji huɗu na sashen Ingilishi su saurara a matsayin aikin koyarwarsu.

Malam Habibu:
'Yan aji huɗun da su ma taƙaitawa suka karanta suka ci?

Zainab (ɗaliba, aji uku):
Kai Malam, a yi mana afuwa mana. Baɗi ni ce 'yar aji huɗun.

Malam Habibu:
To Zainab, in kin zo sai a fara da ke. Malama Rabi, ki turo min labari biyu da kike ganin ɗakin taro zai iya ɗauka, kada kowanne ya wuce takarda ɗaya, kuma Ustaz ya fara gani. Zan gwada a rukunin ranar Talata, na Alhamis in bar su a kan nahawu yadda muka saba, jarrabawa ɗaya za su rubuta a ƙarshen zango. Amma batun saƙon murya a cire ni.